Yadda A Ke Shirya Shafin Makaranta A Intanet: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Wannan ɗan littafi an yi shi ne domin Hakimai da malamansu, saboda wani al'amari da ya fara shigowa makarantun gundumomi, watau buɗe wa makaranta shafi a intanet. Ba ana nufin Hakimi ya koyi aikin kwamfuta ba ne, ko kuwa malaminsa ya zama mai ƙera shafi. Wannan sana'a ce, tana da masu ita. Abin nufi shi ne, ran da hedimasta ko firinsifal ya zo gaisuwa, ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, muna so a yi wa makarantarmu shafi," Hakimi ya san abin da a ke magana a kai, ya san tambayoyin da zai yi, ya kuma san inda rami ya ke tun ba a tara kuɗin jama'a ba.

Zamanin En'e, Hakimi shi ke nemo yaran da za a sa a elementare, shi ke kuma duba makaranta in ya fita rangadi. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 wannan tsari ya kau. Yau makarantun firamare suna ƙarƙashin Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta jiha, manyan sakandare kuwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. Duk da haka hannun sarakuna bai fita ba, gama a kwamitin kula da makaranta, wanda a ke kira SBMC, a kan ba masarauta kujera, kuma in abu ya ɓaci tsakanin iyaye da malamai, ƙofar Hakimi a ke fara kawo ƙara. Wanda za a kai wa ƙara a ƙarshe, ya kamata a sanar da shi tun farko.

Abin da a ke nufi da shafi

Kowace makaranta tana da allon sanarwa a bakin ofishin hedimasta, inda a ke manna ranar dawowa daga hutu da jerin ranakun jarrabawa. Shafin intanet irin wannan allo ne, sai dai ba a jikin bango ya ke ba. Ana ajiye shi cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, duk wanda ya san adireshinsa kuwa yana iya buɗe shi da wayarsa, ko yana ƙauyen nan, ko yana Ikko, ko yana Makka. Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee shi ya ƙago wannan dabara a 1989, sa'ad da ya ke aiki a wata cibiyar binciken kimiyya a ƙasar Suwizalan, a 1991 kuma aka bayyana ta ga jama'a. A Nijeriya abin bai kusanci talaka ba sai bayan zuwan wayar hannu a 2001, har ya zama yau galibin masu buɗe shafi da waya su ke buɗewa, ba da kwamfuta ba.

Amma akwai babban bambanci tsakanin allon bango da shafi, kuma shi ne tushen yawancin abin da za a faɗa a nan. Allon bango mutanen gari kaɗai ke ganinsa, in an cire takarda ta ciru. Shafi kuwa duniya ce ke ganinsa, da mutumin kirki da mugu, kuma abin da aka sa a ciki, ko an goge shi gobe, mai yiwuwa ne wani ya riga ya kwafe ya ajiye.

Shafi yana tsayawa bisa abu uku. Na farko adireshi, watau sunan da mutum zai rubuta ya iske shafin. Na biyu masauki, watau wurin da a ke haya cikin babbar kwamfutar nan. Na uku kayan ciki, watau rubutu da hotuna. Adireshi da masauki ba a sayensu a mallaka har abada. Haya ce, galibi ta shekara shekara. Akwai kuma abu na huɗu wanda ba a ganinsa, shi ne makulli, watau kalmomin sirri da a ke shiga da su a sāke abin da ke ciki. Wanda ke riƙe da makulli shi ne mai shafi a zahiri, kome aka rubuta a saman shafin.

Ko makarantar tana bukata?

Kafin a yi zancen kuɗi, Hakimi ya tambayi hedimasta, wa zai karanta shafin, me kuma zai nema a ciki? In amsar ita ce makarantar garin maƙwabta ta yi, don haka su ma su na so, to ba a sami dalili ba tukuna.

Gaskiya ita ce, ba kowace makaranta ke bukatar shafi ba. Firamaren ƙauye wadda iyayen yaranta duka suna zaune cikin tafiyar rabin sa'a daga ƙofarta, saƙonta ya fi saurin isa ta bakin mai unguwa, ko mai shela, ko sanarwar liman bayan salla. Da yawa daga cikin iyayen nan ba su karanta boko, waɗansu kuwa wayarsu ta kira ce kawai. In rufin aji ya yaye, ko yara suna zaune a ƙasa, kuɗin da za a kashe wa shafi kwano da benci sun fi shi bukata. Hakimin da ya faɗi haka a fili bai ƙi ci gaba ba.

Inda shafi ke da amfani sosai shi ne makarantar da mutanenta ke warwatse: sakandaren kwana mai ɗaukar yara daga ƙananan hukumomi da yawa, ko tsohuwar makaranta wadda ɗalibanta na dā suna aiki a Abuja da Kaduna da ƙasashen waje, suna son su taimaka amma ba su san halin da ta ke ciki ba, ko Islamiyya babba wadda a ke zuwa neman gurbi daga nesa. A irin waɗannan, uba ya kan biya kuɗin mota ya yi tafiyar yini don ya tambayi abin da layi biyu za su gaya masa. Har ila yau, makarantar da ta yi suna ita ce 'yan damfara ke buɗe shafin ƙarya da sunanta su karɓi kuɗin fom. In tana da nata na gaskiya wanda kowa ya sani, ta rage musu hanya.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farkon nauyi: wa zai riƙa kula da shi bayan an buɗe? Ana so a ambaci mutum da sunansa, malami na dindindin a makarantar, a kuma ambaci mataimakinsa. In babu, a dakata. Shafin da ke nuna ranar komawa ta shekara uku da suka wuce, da sunan firinsifal wanda ya riga ya yi ritaya, ɓad da mutane ya ke yi, yana kuma gaya wa baƙo cewa makarantar ba ta da mai lura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Izini

Makarantar Gwamnati ba ta hedimasta ba ce, ba ta kuwa kwamiti ba ce, saboda haka ba a fitar da magana da sunanta ga duniya sai da sanin masu ita. Firamare ta rubuta wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, sakandare ta rubuta ta hannun ofishin ilmi na shiyya zuwa Ma'aikata, a jira amsa a rubuce. Mai yiwuwa ne jihar tana da nata tsari wanda ta ke so makarantu su bi, sai a huta da kashe kuɗi sau biyu. Makarantar al'umma ko ta mai zaman kansa kuwa, shugabanninta su zauna su yarda, a rubuta cikin littafin taro. Malamin Hakimi ya karɓi kwafin takardar izini ya ajiye a fayil.

Bayan wannan a naɗa 'yan mutane kaɗan su riƙe aikin: shugaban makaranta, malamin da zai kula da shafin, wakilin iyaye, da wakilin kwamiti. In makarantar 'yan mata ce, ko ta haɗaka, lalle a sa mace a ciki, gama akwai abin da uwa za ta gani game da hoton 'yarta wanda namiji ba zai lura ba.

Aikin takarda

Kuskuren da a ka fi yi shi ne a kira mai ƙera shafi tun ba a san abin da za a ba shi ba. Sai ya cike gurbi da abin da ya samu: hoton yaran Turawa a ɗakin karatu, da dogon Turanci na yabo wanda ya kwaso daga wani wuri. Kashi mafi yawa na aikin shafi da alƙalami da takarda a ke yinsa, kuma ba ya bukatar lantarki.

A sami takardu manya, kowace ɗaya ta zama fuska ɗaya ta shafin, a shimfiɗa su bisa tebur. Fuska biyar ko shida sun isa mai farawa. Ta farko ita ce ƙofar gida: sunan makaranta, garinta da ƙaramar hukumarta, hoton ƙofarta, da sanarwa mafi sabunta. Sa'an nan tarihin makaranta a taƙaice, yadda a ke shiga da takardun da a ke nema, kalandar zangon karatu, labarai, da yadda za a sami ofis. Wanda ya ce a ƙara wata fuska, a tambaye shi wa zai rubuta ta, wa kuma zai sabunta ta. In ya rasa amsa, a ajiye shawararsa sai baɗi.

Kowane abu da za a rubuta a nemo asalinsa. Sunan makaranta a rubuta shi yadda ya ke a rajistar hukuma, ba yadda a ke kiransa a kasuwa ba. Shekarar kafuwa a duba ta cikin littafin tarihin makaranta da hedimastoci ke rubutawa, a gwada da abin da dattawan gari suka tuna. A nan malamin Hakimi yana da taimako babba, domin tsofaffin fayilolin gunduma su kan ƙunshi wasiƙar da aka nemi fili da ita, ko sunan Dagacin da ya bayar. Ranakun zango a ɗauko su daga takardar Ma'aikata. Zancen jarrabawar WAEC da NECO da JAMB kuwa, kada makaranta ta kwafi ranakunsu ta ajiye su tsufa. Ta nuna wa mai karatu hanyar zuwa shafin hukumomin kansu. In za a faɗi yawan waɗanda suka ci jarrabawa, a faɗi yawan waɗanda suka zauna tare, da shekarar. Cewa ɗalibai 40 sun ci ba ta da ma'ana sai an san ko cikin 50 ne ko cikin 400.

Da an gama tarawa a raba kayan kashi biyu, waɗanda ba su sākewa, kamar tarihi da kwatancen hanya, da waɗanda ke sākewa, kamar ranaku da sunan shugaba. Kowane abu na kashi na biyu a sa masa kwanan wata a ƙasa. Uban da ya ga sanarwa ba kwanan wata ba shi da hanyar sanin ta bana ce ko ta bara.

Zancen harshe kuma a yanke shi tun a takarda. In iyaye Hausa su ke ji, a fara da Hausa, Turanci ya biyo baya domin ma'aikata da baƙi. Inda a ke jin Fulatanci ko Kanuri ko wani harshe, a duba ko za a sa muhimman sanarwa da shi. A rubuta Hausar da hannun wanda ya iya, kada a dogara ga fassarar inji ba tare da an duba ba. A kuma nace wa mai ƙera shafi ya zaɓi irin rubutun da ke nuna baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, gama wayoyin yanzu suna iya rubuta su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sanarwar da ta ce iyaye su hallara a fada daban ta ke da wadda ta ce su hallara a faɗa, kuma ba Hakimin da zai so a gauraya masa su.

Hotuna su ne ke cinye data. Hoton da wayar zamani ta ɗauka ya kan kai megabait 4. In an jera goma irinsa a fuska ɗaya sun zama megabait 40, watau buɗewa 25 ta cinye wa uba gigabait guda, kuma inda sabis ba shi da ƙarfi fuskar ba za ta buɗu ba sam. Ana iya rage hoton nan ya koma kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba. A rubuta wannan sharaɗi cikin abin da za a ba mai ƙerawa, a kuma hana bidiyo ko kiɗa mai tashi da kansa.

Abin da ba a sawa

Wannan sashe shi ne ya fi shafar Hakimi, domin zancen ran 'ya'yan talakawansa ne.

Ba a manta da abin da ya faru a Cibok ba cikin Afrilun 2014, inda aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar kwana, ko a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, inda aka kwashe yara maza fiye da 300, ko a Jangebe cikin Fabrairun 2021, inda aka kwashe 'yan mata 279. Ba a ce shafin intanet ne ya jawo waɗannan masifu ba. Amma sun nuna cewa akwai masu neman labarin makaranta da mugun nufi, kuma bai kamata makaranta ta miƙa musu shi da hannunta ba. Saboda haka ba a sa taswirar harabar makaranta, ko hoton da ke nuna inda ɗakunan kwana su ke da tsawon katanga da ƙofar baya. Ba a faɗin yawan masu gadi ko lokacin da su ke canji. Ba a sanar da tafiyar ɗalibai, da ranarta da hanyar da za a bi, kafin a yi ta. In an dawo lafiya a ba da labari. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare, har ranar sallamar yaran kwana gara a gaya wa iyaye ta hanyar da ba ta fili ba, bisa shawarar jami'an tsaro.

Sai sirrin yaro kansa. Cikin watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Inda dokar ta bukaci yardar mai bayani, in yaro ne, watau wanda bai kai shekara 18 ba, yardar mahaifi ko mai riƙonsa a ke nema. Don haka makaranta ta shirya 'yar takarda da Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a gaya masa sarai cewa hoton zai fita duniya, ba jikin bangon ofis kawai ba, sa'an nan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda ya ƙi, an gama. Ba a matsa masa, ba a kuwa nuna wa ɗansa bambanci. Ko an sami yarda, ba a haɗa hoton yaro da cikakken sunansa da ajinsa a wuri ɗaya, gama da waɗannan uku baƙo ya kan tsaya a ƙofar makaranta ya kira yaro kamar ya san shi, ko ya buga wa uba waya ya ce ɗansa yana asibiti a aiko da kuɗi. Hoton taro daga nesa ya fi hoton fuska. Sakamakon jarrabawar kowane yaro, da rashin lafiyarsa, da jerin marayu ko waɗanda a ke bin iyayensu bashi, duk ba su da wuri a shafi. Jerin marayu musamman a kan so a sa shi da kyakkyawar niyya, don a jawo taimako, amma tallar maraicin yaro ce, kuma zai girma ya iske ta.

Malamai ma suna da nasu haƙƙi. Lambar waya da za a sa ta ofis ce, ba ta aljihun malami ba, balle kwatancen gidansa.

Zancen lambar asusun banki kuwa, makarantar Gwamnati ba ta sa ta sai da umurnin hukuma a rubuce, musamman inda Gwamnati ta ce ilmi kyauta ne. Wadda aka yarda ta karɓi kuɗi, asusun ya kasance da sunan makaranta, ba da sunan mutum ba, a kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ta da wani asusu ban da wannan.

Adireshi da makulli

Adireshin da ya ƙare da .ng na Nijeriya ne, kuma wata ƙungiya mai suna NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da rajistarsa ta hannun dillalan da ta amince da su. An ware .sch.ng domin makarantu, .edu.ng domin jami'o'i da manyan kwalejoji, .gov.ng kuwa domin Gwamnati. A tanadi takardar shaidar makaranta kafin a je wa dillali. Sunan da za a zaɓa ya zama gajere, wanda za a iya faɗa a taro mutum ya riƙe, ba mai baƙaƙe masu lanƙwasa ba, gama a adireshi kam ba a saba sa su ba.

Ga yadda shafuka da yawa ke mutuwa. A ce an turo wa makaranta ɗan bautar ƙasa mai hazaƙa, ya ga babu shafi, ya ce zai yi kyauta. Ya yi rajistar adireshi da sunansa, da imel nasa, da lambar wayarsa, domin haka ya fi masa sauƙi. An yi biki an buɗe. Bautar ƙasa kuwa shekara ɗaya ce. Ya gama ya koma garinsu. Da wa'adin haya ya zo, dillali ya aika da tuni zuwa imel ɗin saurayin nan, makaranta ba ta sani ba. In ba a biya ba, a kan jira ɗan lokaci, sa'an nan a saki adireshin, duk wanda ya ga dama ya yi rajistarsa. Akwai masu farautar irin waɗannan adireshi su cika su da tallar caca ko abin kunya, alhali sunan makarantar yana nan a kai, an kuma buga shi a takardunta da allon ƙofarta. Saurayin bai yi ha'inci ba. Laifin na waɗanda ba su tambaya ba ne.

Maganin abin mai sauƙi ne in an yi shi tun farko. A buɗe imel da sunan makaranta, a tanadi layin waya na ofis, da su a ke yin kowace rajista. Layin nan a riƙa amfani da shi, domin kamfanonin waya su kan karɓe layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba su ba wani, kuma a kansa ne lambobin tabbatarwa ke zuwa. A wurin da a ke rubuta mai adireshi a sa sunan makaranta. Mai ƙerawa a sa shi a gurbin ma'aikaci. Kalmomin sirri mutum biyu su san su, shugaba da malamin shafi, a kuma rubuta su a sa cikin ambulan a liƙe, a ajiye inda a ke ajiye takardun jarrabawa. Kada kalmar ta zama sunan makaranta ko shekarar kafuwarta. Ran da ɗaya daga masu riƙon ya bar makarantar, ko da lafiya aka rabu, a sāke su.

Waɗansu za su ce me ya sa ba za a tsaya ga Facebook ko zauren WhatsApp ba, tun da kyauta ne. Suna da amfaninsu, zauren iyaye ma ya fi shafi saurin kai saƙo. Amma rumfa ce a kasuwar wani: mai kasuwa yana iya rufe ta, tsohuwar sanarwa tana nutsewa ƙarƙashin sababbi, kuma kowa yana iya buɗe wata da suna iri ɗaya. Makarantar da ba ta da hali tana iya farawa da Google Sites, wanda ba a biyan kuɗin masauki, kuma malami mai ɗan sani zai iya sarrafa shi. Mai hali kuwa galibi da WordPress a ke yi mata. Yana da faɗi, amma yana bukatar a riƙa sabunta shi don kada ɓarayin intanet su shiga.

Kuɗi da yarjejeniya

Farashi yana sākewa, saboda haka a nemi mutum uku kowa ya kawo nasa a rubuce, ya raba kuɗin ƙerawa, wanda a ke biya sau ɗaya, da kuɗin adireshi da masauki, waɗanda ke dawowa kowace shekara. Attajirin da ya ɗauki nauyin ƙerawa an gode masa, amma a tambaya wa zai biya na shekara ta biyu da ta uku, a rubuta amsar. Kada a ɗora wa yara haraji saboda shafi.

Yarjejeniya ta ƙunshi ranar gamawa, da cewa shafi da duk abin da ke ciki na makaranta ne, da cewa mai ƙerawa zai koya wa malamai biyu yadda a ke sa sanarwa a cire, zai kuma miƙa kwafin shafin duka. Adireshin ya fara da https, gama in babu wannan, waya ta kan gargaɗi mai buɗewa cewa shafin ba amintacce ba ne. Akwai masu ba da wannan kariya kyauta, don haka kada a yarda da tsada a kanta. Ba a biyan kuɗi duka sai malamin shafi ya sa sanarwa da hannunsa a gaban kwamiti, mai ƙerawa yana zaune bai taɓa kome ba.

Gwaji da buɗewa

Ba a kwamfutar mai ƙerawa a ke gwada shafi ba. A nemi iyaye uku ko huɗu masu ƙananan wayoyi, ɗaya a cikinsu mace, a kai su inda sabis ba shi da ƙarfi, a ce su nemo ranar komawa makaranta da lambar ofis, kada kowa ya nuna musu. Inda suka tsaya suna lalube, nan ne gyara ya ke. Wani malami dabam, wanda bai sa hannu a rubutun ba, ya karanta kowace fuska yana neman kuskure, shugaba kuma ya bi hotuna ɗaya ɗaya yana gwada su da takardun yardar iyaye.

In an gamsu, Hakimi ya sa Dagatai da masu unguwanni su sanar da adireshin, a rubuta shi a allon ƙofar makaranta da katin sakamakon yara, a gaya wa jama'a cewa wannan kaɗai ne na makaranta.

Littafin malamin Hakimi

Malamin Hakimi ya ware shafi guda cikin littafin gunduma ga kowace makaranta mai shafin intanet. Ya rubuta adireshin, da sunan dillali, da ranar da haya za ta ƙare, da wanda ya ɗauki nauyin biya, da muƙaman masu riƙe da makulli, da lambar takardar izini. Kalmomin sirri kansu ba ya rubuta su, ba ya kuwa neman a gaya masa. Saura wata biyu wa'adi ya cika, ya aika wa shugaban makaranta da takardar tuni, in an biya a nuna masa rasit ya sa kwanan wata.

Farkon kowane zango ya buɗe shafin da wayarsa ya duba abu biyu, ko ranakun na wannan zango ne, ko kuma an sa wani abu daga cikin waɗanda aka hana. In ya ga kuskure ya gaya wa Hakimi, Hakimi ya yi wa shugaban makaranta magana. In abin ya shafi tsaro ko hoton yaro, a nemi a cire shi a ranar, a kuma sanar da Sakataren Ilmi. Sa'ad da aka yi wa hedimasta canji, ambulan ɗin makulli ya shiga cikin takardar miƙa aiki tare da rajistar yara da kayan sito, sabon shugaba ya gwada kalmomin a gaban tsohon kafin ya sa hannu.

In kuwa ta kai makaranta ba ta da mai kula da shafin, kada a bar shi haka. A sauke duk fuskokin, a bar guda ɗaya mai sunan makaranta da garinta da lambar ofis, a ci gaba da biyan hayar adireshin don kada ya faɗa hannun wani, malamin Hakimi kuma ya rubuta a littafinsa ranar da aka yi haka.